Ƙasarin da Na Kira Madara

Da sunan Allah nake farawa. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan, domin ni ba likita ba ce. Ilimin ƙasa na karanta, shi kuma nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Gumel. Abin da zan faɗa abin da ya faru a gidana ne, iya yadda na fahimce shi, kuma mai yiwuwa akwai inda na fahimta ba daidai ba. Wadda take shirin yaye ɗanta, ko wadda aka ce ta dakatar wa yaronta da madara, ita nake so ta karanta.

Haidar, ɗana na fari, yana da wata goma sha uku na gane ina da wani cikin. A gidanmu da gidan su maigidana magana ɗaya ce, yaro ba ya shan nonon mai ciki. Daga baya wata nas ta ce mini da na ci gaba da shayar da shi babu abin da zai same shi, amma a lokacin ban tambayi kowa ba. Na fara rage masa nono ina haɗa masa madarar gwangwani. Kwana huɗu da farawa ya kama zawo. Ko madarar ce, ko ruwan da na dama ta da shi, ko wani abu ya ɗauka a ƙasa ya sa a baki, har yau ban sani ba.

Zawon ya kai kwana goma. Mun je asibiti sau biyu, aka ba mu ruwan gishiri da sukari da wasu ƙwayoyi. A zuwa na biyu likitan ya ce, "A dakata da madarar shanu na mako biyu, hanjinsa ya huta. Bayan nan a mayar masa a hankali." Na rubuta maganar a littafina kamar yadda ya faɗa. Rabin farko na riƙe, rabin ƙarshe na bar shi a takarda.

Ni mutum ce mai tsoro, kuma idan tsoro ya kama ni karatu nake yi. Na shiga waya. A can na ga yaran da madara ke kumbura wa fuska, da waɗanda gyaɗa ke shaƙe wa numfashi, da waɗanda ƙwai ke feso wa ƙuraje. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikin Haidar ba, amma na ce gara a kiyaye. Kafin mako ya ƙare ina da takarda mai jerin abin da ba za a ba shi ba: madara, nonon shanu, ƙwai, gyaɗa, sai wake saboda kumburin ciki, sai kifi saboda ƙaya. A wayar dai na ga abin da zai maye gurbinsu, wai madarar ots, hatsin nan na gwangwani da ake dama wa marar lafiya. An nuna wata mata tana zuba ta a kofi, fara sol.

Na koyi yin ta da gaske, ba da wasa ba. Kofi ɗaya na ots, kofi huɗu na ruwan sanyi, a markaɗa a bilenda na ɗan lokaci kaɗan, a tace da ƙyalle mai tsabta. Karon farko na jiƙa ta daɗe, na markaɗa sosai, na matse ƙyallen da ƙarfi, sai ta fito da yauƙi kamar miyar kuɓewa. A karo na uku na gane sirrin: ruwa mai sanyi, markaɗe gajere, kuma kada a matse, a bari ta tsiyaye da kanta. Ba ta kwana idan babu wutar lantarki, washegari ta yi tsami. Idan aka ɗora ta a wuta kuma da kanta take yin kauri, ta zama kunu ba tare da an ƙara gari ba. Na yi fanke da ita, ya yi laushi. Na zuba wa maigidana a shayi, ya kurɓa ya ce, "Maman Haidar, shayin nan kamar an wanke tukunyar kunu a ciki." Muka yi dariya. Haidar kuwa ya karɓe ta da ɗan sukari, zawo ya tsaya. Na ɗauka ita ta tsayar da shi. Yanzu ina jin lokacin tsayawarsa ne ya yi.

Da ranar yaye ta zo muka kai shi wurin mahaifiyata, Inna, a ƙauyenmu da ke bayan Sule Tankarkar. Ta tare shi tun daga zaure.

"Kai maigida, haka ake zuwa gidan mata hannu rabbana? Ko goro babu?"

Na fito da gwangwani biyu da ƙyallen tata da takardata. Babu bilenda a can, saboda haka na nuna mata yadda za ta ɗan jiƙa, ta kirɓa a turmi, ta zuba ruwa ta tace. Ta tsaya tana kallon farin ruwan da ke tsiyaya a kwarya.

"Wannan ai ƙasari ne," in ji ta. Ruwan wankin surfen gero take nufi, wanda ake ba awaki.

"Inna, madara ce. A ƙasashen waje ma ita ake sha."

"Dusar fa?"

"A zubar."

Na karanta mata takardar sau biyu. Da na zo kan gyaɗa ta ɗago kai, don da kunun gyaɗa ta yaye mu duka. Na ce mata akwai yaran da take toshe wa numfashi nan take, kafin a kai asibiti sun mutu. Sai ta ce:

"To. Ku ne kuka yi karatu."

Al'adarmu ita ce uwa ba ta leƙa yaron da aka kai yaye sai ya manta da nono. Ga kuma kunyar ɗan fari. Inna ta sha yi mini faɗa a kan kiran sunansa da nake yi gatsau a gaban mutane, balle in riƙa buga waya kullum ina tambayar me ya ci. Na daure. Makaranta na ci, laulayi na cina, ina kira ranar Juma'a kawai.

Mako na farko da na biyu Inna ta ce ya yi kuka ya haƙura, ba ya karɓar tuwo, amma yana shan madararsa. A mako na uku maigidana, da yake aiki a Maigatari, ya biya ta can a kan babur, ya kai gwangwani ɗaya, ya ɗauko mini hoto. Kumatu sun cika, har ido ya shige. Na nuna hoton a ɗakin malamai, aka yi ta sa albarka. Malamai biyu suka ce in rubuta musu yadda ake yi, na rubuta musu da kyau, har da gargaɗin kada a matse ƙyalle.

A mako na huɗu Inna ta ce takalminsa ya matse shi. Na ji daɗi, na shiga kasuwa na sayo mai girma na aika. A mako na biyar ta ce, "Maigidan nan nawa dai ya zama malalaci. Ya daina tafiya, sai zama. Ina jin haƙori ne." Na ce ni ma ina jin haƙori ne. Na kwana biyu da maganar a raina, sannan na ce wa kaina tsorona ne kawai.

Asabar ta mako na shida na kasa daurewa. Na shiga mota zuwa Sule Tankarkar, daga nan na hau babur, damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi a hagu da dama. Na same shi zaune a tabarma a gindin darbejiya. Ya dube ni ya kau da kai. Na ɗauka fushin yaye ne, har na ɗaga shi. Ƙafafunsa sun yi nauyi suna sheƙi, damtsensa kuwa yatsuna biyu sun zagaye shi. Gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, idan na shafa yana biyo hannuna. Fatar cinyarsa tana saɓulewa kamar tsohon fenti. Ba kuka yake yi ba, wani ɗan ƙugi yake yi a maƙogwaro ba ya fasawa.

Na duba gwangwanayen. Abin da na lissafa zai ƙare a mako huɗu, ga shi mako shida da saura rabin gwangwani.

"Na ga abin mai tsada ne, ke kuma kina da lalura," in ji Inna. "Sai nake ɗan ƙara ruwa. Farin dai yana nan."

Ta ce rannan har ta daka gyaɗa za ta dama masa, ta tuna maganar numfashi, ta kai wa maƙwabciya.

Ranar muka dawo Gumel da Inna, muka wuce asibiti kai tsaye. Mun yanki kati da azahar, ba mu ga kowa ba sai bayan la'asar. Nas ɗin da ta karɓe mu, Sista Ladi, mace ce mai jiki mai gajeriyar magana. Ta danna manyan yatsunta a bayan ƙafafunsa biyu, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Ramuka biyu suka zauna kamar an danna kwaɓin fulawa.

"Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Me yake ci?"

"Madara," na ce.

"Wace iri?"

Na yi mata bayani tun daga kofi ɗaya da kofi huɗu. Ta bar ni na gama.

"Idan an tace, ina dusar take tafiya?"

"Akuya nake ba," in ji Inna.

"To ai akuyar kuka yaye."

Ba da fushi ta faɗa ba, tana rubutu take faɗa. Likitan da ya zo bayanta ya ce tamowa ce mai kumburi, kuma za a kwantar da mu. Ya ce abin da ke cikin ruwan nan yawanci sitaci ne, abin da ke gina jikin yaro kusan babu, ko da ba a ƙara ruwa ba. Maganarsa ɗaya ta zauna mini: "Malama, fari ba shi ne madara ba." Na tambaye shi ko zai tashi. Ya ce kwanakin farko su ne masu haɗari, a yi addu'a.

Abu na farko da aka kawo masa madara ce a ɗan kofi. Na tare hannun Sista Ladi na ce madara tana ba shi zawo, likita ma ya ce a dakata da ita.

"Zawon yaushe ya tsaya?"

"Wata biyu ke nan."

"Likitan mako nawa ya ce?"

"Biyu."

Ta miƙa mini kofin. Ya ƙi sha, aka sa masa roba ta hanci. Bayan kowace awa biyu ake ba shi, dare da rana, ɗan kaɗan da har nake ganin rowa ce. Sista Ladi ta ce idan aka cika wa irinsu ciki lokaci ɗaya zuciya ba ta ɗauka. Aka ce kada a yi masa wanka da ruwan sanyi, a lulluɓe shi ko ana zafi, domin jikinsa ba ya iya ɗumama kansa. Inna ta riƙa kwantar da shi a ƙirjinta ta rufa da zane. A kwana na uku yarinyar gadon da ke kusa da mu, 'yar wata mata daga wajen Gagarawa, ta rasu da safe ana cikin rabon madara. Uwar ta naɗe tabarmarta, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya ba naku lafiya. Ranar ban iya cin komai ba.

'Yan dubiya sun zo, Allah ya saka musu, kowa da abin da ya gani. Wasu sun ce baki ne, saboda hoton da na nuna. Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifin maigidana, ta ce ya sha ciki ne tun kafin a gane, ta kawo jiƙo a gora, Sista Ladi ta hana ta ce ko ruwa kada a ba shi sai nasu. Gwaggo ta ji haushi, ta zauna a bakin gado tana magana da bango.

"Yaro lafiyayye an kai shi ƙauye an bar shi da yunwa. Da an kawo mini shi ai da ba a zo nan ba."

Inna tana tsugune tana ninke nafkin ɗinsa. Ba ta ɗago ba. Ta san idan ta kare kanta ni za ta tona. Ni ma ban ce komai ba, kuma wannan shirun yana cikin abin da ya fi damuna har yau. Sai bayan kwana uku na ciro takardar na ba maigidana a barandar asibiti, na ce duk abin da Inna ta yi ni na sa ta. Ya karanta, ya ninke.

"Ni ma ai na gan shi da idona na ce ya yi ƙiba," in ji shi.

Na faɗa wa Gwaggo ma. Ta ce, "Karatun naku ke nan." Amma washegari ta kawo wa Inna tuwo a kula, ta zauna suka ci tare.

Daga kwana na biyar kumburin ya fara sauka, sikeli kuma ya fara komawa baya. Kullum da safe ana auna shi, kullum nauyin ya ragu. Kumatun suka zube, haƙarƙari suka fito, fatar ɗuwawunsa ta rataya kamar wandon da ya yi masa yawa. Maigidana ya tsorata ya ce mu ɗauke shi zuwa Kano. Sista Ladi ta ce, "Yau ne kuka ga ɗanku na gaskiya. Ruwan ne yake fita. Daga nan za mu fara gini." Ban yarda da ita sosai ba, amma ba ni da ƙarfin wata tafiya. A kwana na takwas ya fizge robar hancin da kansa, ya karɓi kofi. A na goma aka gwada shi da abincin tamowa, wannan mai kama da tunkuza a cikin leda. Na karanta bayan ledar. Gyaɗa da madara. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka har ya shanye rabi, ya lashe yatsa. Numfashinsa bai canza ba.

Kwana goma sha uku muka yi. Madara da abincin kyauta ne, kuma na gode wa duk wanda yake kawo su. Sauran kuwa, allurai da gwajin jini da abincin masu jinya da man babur tsakanin Maigatari da Gumel, sun cinye abin da muka tanada don haihuwa.

Bayan sallama sai layin Talata, na karɓar abinci da awo. Wanda bai zo da asuba ba sai azahar. Benci uku ne ga mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ni kuma ciki ya tsufa, sau biyu jiri yana kwasata Inna tana riƙe ni. Akwai makon da aka ce abincin bai iso ba, muka koma haka nan, waɗanda suka zo daga nesa suka yi asarar kuɗin mota. A makon nan abin da Sista Ladi ta koya mini na yi, kunun gero da gyaɗa da garin waken suya, ƙwai ɗaya, dakakken kifi a miya. Wato abin da Inna ta sani tun kafin a haife ni. A layin kuma na haɗu da mahaifiyar wata ɗalibata. Ta dube ni ta dubi ledar da ke hannuna.

"Malama, ke ma?"

Na ce ni ma. Ta matsa mini wuri a benci. Nata yaron abinci ne ya ƙare musu a rumbu kafin sabon gero ya nuna. Nawa kuwa rumbu a cike, akuya tana tatsuwa, kaji suna ƙwai a bayan ɗakin da yake kwana.

Malaman nan biyu na kira su tun muna asibiti. Ɗaya ba ta fara ba. Ɗayar ta fara ba 'yarta, amma tare da sauran abinci, babu abin da ya same ta. Saboda haka ba na cewa ots cuta ce. Yanzu ma ina dafa masa ita gaba ɗayanta da dusarta, da madarar gaske da gyaɗa. Babba da nono ke ɓata wa ciki ya tace ta ya sa a shayi ko fanke, ina jin babu laifi, tunda yana cin wasu abubuwan. Amma ba abincin yaye ba ce, kuma a gidana ruwan ots muke ce mata. Idan likita ya ce mako biyu, a koma masa bayan mako biyu. Idan yaro ya yi ƙiba alhali ya daina wasa, a danna bayan ƙafarsa a gani. Iyakar abin da na sani ke nan.

Haidar ya koma tafiya a mako na biyar da sallama, yana dafa bango kamar sabon koyo. Har yanzu bai kai sa'anninsa tsayi ba, maganarsa ma tana baya. Likita ya ce yawanci suna kamowa. Yawanci ya ce, bai ce duka ba, kuma na lura da hakan.

A Talata ta tara bayan sallama, Sista Ladi ta naɗa masa ɗan tef ɗin awo mai launi uku a damtse, ya tsaya a kore. Na ce ta sake aunawa, ko ta ja da sassauci. Ta sake.

"Malama, kore ne. Ko sau goma na auna kore ne. Ku tafi gida, kada in sake ganinku a nan."

Na ce ko za ta rubuta mini abin da zan riƙa ba shi da wanda ba zan ba shi ba.

"Takarda kuma?" Ta juya ga Inna. "Hajiya, yara nawa kika yaye?"

"Bakwai, da jikoki uku. Wannan ne na farko da ya zo nan. Ni ce na riƙa ƙara ruwan."

"To ki ba shi abin da kika ba goman."

Muka fito, rana ta yi zafi, ƙafafuna sun kumbura, ina so kawai in kwanta. A bakin titi muna jiran abin hawa wata mata tana suyar ƙosai. Inna ta saya, ta gutsuro ɗaya tana hura masa yana goye a gefenta.

"Kai maigida, ka sha jinya ka bar ni da wanki, ko sannu babu."

Ta kai ƙosan kusa da bakinsa, sai ta tsaya. Ta juyo ta dube ni, matar da ta yaye mutum goma, tana jiran in ce a ba shi ko kada a ba shi. Na buɗe baki ban san ta inda zan fara ba ta haƙuri ba. Yaron bai jira mu ba, ya miƙa hannu ya karɓe.